Kalanzi da Dangin Mutanen Ƙarfe

Yayana Kalanzi ya shekara talatin yana hallaka duniya sau biyu a rana, ƙarfe biyu da ƙarfe biyar, a wani gidan kallo na katako da ke bayan kasuwar Kawempe. Sana'arsa fassara fim. A sa faifan Turawa, shi kuma ya zauna gefen talabijin da makirfo a hannu, ya rage muryar Bature ya ɗora tasa da harshenmu na Luganda har fim ya ƙare. Masu wannan aiki sun cika Kampala, kowa da fanninsa, wani na soyayya, wani na 'yan dambe. Shi nasa na mutanen ƙarfe ne, injunan nan da ke yin hankali su juya wa waɗanda suka ƙera su baya, su ƙone birane, su bi 'yan Adam rami-rami. Tun da matarsa ta haifi tagwaye ba mai kiran sunansa a unguwa, sai dai Ssalongo, wato uban tagwaye. Ni dai Yaya nake ce masa.

Abin da ya sa benci ke cika in yana aiki shi ne, a bakinsa babu injin da ba shi da asali. A wurinmu mutum ba ya cika mutum sai an san danginsa. Mu 'yan dangin Fara ne, ba ma cin ta, shi ya sa duk Nuwamba sai dai mu ji ƙamshin soyayyar fara daga gidan maƙwabta mu haɗiye yawu. To, Yaya sai ya raba wa injuna dangi. Wannan mai faɗin kafaɗa ɗan Ɓauna ne, wancan mai tsalle-tsalle ɗan Biri ne, kuma ba su auren juna don uwarsu ɗaya. Akwai wani fim da unguwa ta fi so, na wani tsohon inji mai tsagaggen ƙirji da Yaya ya laƙaba wa suna Kawu Ƙarfe. Shi kaɗai ne ba a ba shi dangi ba, kuma a nan rigimar take. Akwai wurin da yake tsayawa gaban Baturen da ya ƙera shi, sai Yaya ya sassauta murya ya ce, “Kai da ka yi ni, faɗa mini, ni ɗan wane dangi ne? In na mutu, a ƙasar wa za a binne ni?” Mata su yi ta share hawaye da gefen zane, 'yan boda masu haya da babur su sunkuyar da kai kamar ba su ba.

Ni malamar Turanci ce, shekara talatin da huɗu ina riƙe da alli kafin na yi ritaya. Ranar da na fara shiga gidan kallon nan, fim ɗin ake nunawa, saura kaɗan in faɗo daga benci. Abin da injin nan ya faɗa a zahiri shi ne batirinsa ya yi ƙasa, a buɗe ƙofa ta huɗu. Shi ke nan, ba dangi ba kabari.

Yaya ba ya jin Turanci. A aji uku ya bar makaranta da babanmu ya rasu, ya shiga dako a kasuwa don ni in ci gaba. Da wane baki zan gyara masa fassara? Ban taɓa nuna masa na gane ba, shi ma bai taɓa tambayata ma'anar kalma ko ɗaya ba. Sai ya kulle kansa a ɗaki ya kalli sabon fim sau uku ba murya, yana karanta fuskoki da motsin hannu, ya fito da labarinsa a shirye. Amma na san abin da ke cinsa. Duk ranar da wani mai ɗaure da taye a wuya ko mai riƙe da jarida ya shigo, sai in ga gumi ya jiƙa masa riga tun ba a gama rubutun farkon fim ba. Kullum jira yake wani ya miƙe a gaban jama'a ya ce masa maƙaryaci. Ni ma haka nake jira, kuma abin ya sha hana ni cin abinci.

Bara muryarsa ta shaƙe. Likita ya ciro masa wani ɗan tsiro a maƙogwaro, ya ce sati shida kada ya yi magana sai raɗa, ita ma in ta kama dole. Nanyanzi, wadda ta gaji gidan kallon daga mahaifinta, ba ta iya rufe ƙofa har sati shida. Sai ta sayo wata 'yar na'ura a cikin gari, irin masu ƙirƙirarriyar basirar nan, wadda ke sauraron Turanci ta juya shi Luganda nan take, kalma da kalma, ba ragi ba ƙari. Yarinyar ba da mugunta ta yi ba, don ta ɗauke shi kamar uba. Don ta karrama shi ma ta sa a yi shela cewa ranar Lahadi da rana za a buɗe na'urar da fim ɗin Kawu Ƙarfe, kuma Ssalongo zai zauna a kujerar gaba.

Ranar Asabar da hantsi ina ɓare matoke, ayabar nan tamu ta dafawa, a tsakar gida sai ga shi. Ya zauna a kan turmi, ya daɗe yana kallon kaji. Can ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

“Malama, ba na jin Turanci.”

“Yaya, an hana ka magana fa.”

“Ki ji abin da nake faɗa miki. Ko kaɗan ba na ji. Duk ƙirƙira nake yi.”

“Na sani.”

Ya zuba mini ido. “Tun yaushe?”

“Tun kafin tagwayenka su yi haƙori.”

Ya riƙe haɓa. Na zaci zai yi fushi, sai ya ce, “To Kawu Ƙarfe fa? Me yake cewa a wurin nan?”

Na faɗa masa. Wallahi da na san yadda fuskarsa za ta koma da na yi masa ƙarya.

“Batir?” in ji shi. “Duk kukan nan a kan batir?”

Na ce kada ya je gobe, mu ce ciwon ya tashi. Ya girgiza kai ya ce shekara talatin yana gaya wa mutane wata rana inji zai tashi ya gama da ɗan Adam, ashe da shi za a fara. Ya ce in zagi ne gara a zage shi yana zaune a wurin, ba a biyo shi da shi har gida gaban jikokinsa ba.

Ranar Lahadi gidan kallo ya cika har bakin ƙofa, kwanon rufi ya ɗau zafi, ga ƙamshin soyayyen rogo. Yaya ya sa farar rigarsa mai tsawo da kwat a kai kamar mai zuwa neman aure. Na zauna bayansa. Nanyanzi ta danna na'ura.

Muryar ba laifi, ta wata budurwa ce mai ladabi, Lugandarta tsaf kamar mai karanta labarai a rediyo. Ta ce an samu matsala a sashe na tara. Ta ce zafin tukunya ya haura ƙa'ida. Ta ce a kira injiniya. Ɗakin ya yi tsit, ba dariya, ba tsaki. Ina kallon ƙeyar Yaya, gumi na gangarowa cikin wuyan kwat. Da aka zo wurin da tsohon injin ke tsayawa gaban Bature, budurwar ta ce cikin natsuwa, “Batirina ya yi ƙasa. A buɗe ƙofa ta huɗu.”

Yaya bai jira kowa ba. Ya dafa kujera ya miƙe, ya juyo ga jama'a, ya ɗaga hannu. Nanyanzi ta tsayar da fim. Da raɗar nan tasa da ba ta wuce benci biyu ba ya ce, “Jama'a, abin da ta faɗa shi ne gaskiya. Ni ne na...”

“Me yake cewa?” wani ya tambaya daga baya.

Mukiibi, wani ɗan boda mai bakin tsiya da ke zaune a gaba, ya juya ya ɗaga murya. “Wai yana so ya gaya mana ba ya jin Turanci!”

Dariyar da ta tashi har kwano sai da ya amsa. Na rufe ido na ce shi ke nan, ta faru.

“Haba Ssalongo!” Muryar Mama Nakibuuka ce, mai sayar da matoke a bakin kasuwa, mace ce da ba a katse ta. “Yau ka tashi ba mu labari? 'Yata da ke aikin jinya ta gaya mini zancen batirin nan tun tana sakandare. Na ce ta rufe mini baki, ina ruwana da batirin Bature?”

“Ni na yi shekara biyar ina ɗaukar Turawa a babur,” in ji Mukiibi. “Ka zaci kurma ne ni? Ran nan fa Bature ya ce sannu da zuwa, kai ka ce wai ya ce a dawo masa da akuyarsa!”

“Kuma akuyar ta fi daɗi!” wani ya ce.

Mama Nakibuuka ta ce, “Zauna, tsoho, kada ɗinkin ya warware. Nanyanzi, 'yata, kashe mana yarinyar nan, ta iya magana amma ba ta san kowa ba.”

Nanyanzi ta dube ni, ta dubi Yaya, ta ce ai likita ya hana shi aiki, wa zai fassara? Mama Nakibuuka ta ce a mayar da fim baya a cire murya kawai. Aka mayar. Ita ta ɗauki bakin Kawu Ƙarfe, Mukiibi ya zama Bature, sauran ɗaki suka raba 'yan Ɓauna da 'yan Biri a tsakaninsu. Sun haddace shi kaf, har da tarin da Yaya ke yi kafin a fasa ƙofar masana'anta. Inda suka yi gardama a kan wata kalma, sai duk a juyo a dube shi, shi kuma ya gyaɗa kai ko ya kaɗa yatsa. Ni da na zo da shirin jan hannun yayana in fitar da shi cikin kunya, sai ga ni ina ihu da 'yan Biri. Tun da nake ban taɓa jin nauyi ya sauka daga ƙirjina irin na ranar ba.

Na'urar tana nan har yanzu, ita ke fassara finafinan soyayya ranakun aiki, kuma an ce ba ta da laifi a wannan fannin. Muryar Yaya ta dawo, ko da yake ba kamar da ba, yanzu Asabar da Lahadi kawai yake yi. Amma ni abin da ya fi zama mini a rai shi ne tafiyarmu gida a ranar. Rana ba ta faɗi ba, muka ratsa layin masu gawayi har muka kai bakin kwalbati. Nan ya tsaya ya kama hannuna.

“Malama, wato duk sun sani?”

“Ga shi ka ji da kunnenka.”

“Shekara talatin suna kallona ina zufa, 'yan banza, ba wanda ya ce mini komai?”

“Kai ka tambaye su?”

Ya saki hannuna. Sannan ya ce, “Ashe tsoron nan ni kaɗai nake ta yinsa.”

“Ni da kai,” na ce.

Sai ya zauna a kan kwalbatin da farar rigarsa, kafaɗunsa suka hau rawa. Dariya yake yi, ba murya, hawaye na zuba har cikin gemu. Na zauna kusa da shi ina dukan bayansa ina cewa ya yi a hankali saboda ɗinki, alhali ni ma na kasa tsayar da tawa.