Likkafanin Lami da Gangarar da Zubairu Bai Samu Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata sha ɗaya ga Nuwamba 2025, daidai da ashirin ga Jimada Ula 1447, da hantsi, Allah ya karɓi ran Zubairu Hadi Salih, mai sayar da yadi a Kasuwar Libiya, a gidansa da ke Umbadda a Omdurman. Shekararsa saba'in, jinyarsa kwana huɗu. Ni ne Hamuda mai barguna, maƙwabcin rumfarsa na shekara talatin da ɗaya. Ni nake rubuta masa wasiƙu da boko, don mu nan Sudan Hausa a baki muke yin ta. Ni ma ɗaliban Najeriya da ke sayayya a wurina suka koya mini.

Zubairu, an umarce mu da ambaton mamaci da alheri, kuma zan ambace ka da shi, don kana da shi da yawa. Amma ban taɓa yi maka ƙarya kana raye ba, ba zan fara yanzu ba. Da haushi nake wannan rubutu. Ina jin haushinka, ina jin haushin kakanka, ina jin haushin mutanen da suka karɓi wasiƙunka suka yi kunnen uwar shegu. Wanda ya fi duka kuwa, ina jin haushin kaina.

Bari in faɗa wa wanda bai sani ba. Kakan Zubairu, Malam Salih, ya bar ƙasar Hausa da ƙafa yana saurayi, da niyyar Makka. A wancan zamani in mutum zai tafi gabas, 'yan'uwa kan ba shi likkafaninsu ya tsoma a ruwan Zamzam ya dawo musu da shi. Yayarsa Lami ta kaɗa audugar da hannunta, ta kai wa masaƙi, ta naɗe ta ba shi. Sai guzuri ya ƙare a Jazira, a nan Sudan. Ya tsaya tsintar auduga, wai na shekara ɗaya. Shekara ɗaya ta zama talatin, ya yi aure, ya haifi Hadi. Da tsufa ya isa Makka, ya tsoma likkafanin, ya shanya shi, ya dawo Sudan, ƙafa ta ƙi ci gaba. Da zai cika ya ce wa ɗansa, “Ka kai wa Lami a Gangara.”

To, nan aka yi kuskuren. Babu wanda ya tambaye shi wace Gangara. Su a ganinsu gida ai ɗaya ne, kuma dukkansu kan hanya suke, gobe ko jibi za a koma. Wa zai tambayi mutum hanyar gidansu? Hadi ya ƙare rayuwarsa a gonar wani, bai tara abin tafiya ba, ya miƙa wa Zubairu akwatin ƙarfe da likkafanin ke ciki, da wannan jumla guda. Abin da ya rage na shaida kaɗan ne: kasuwar garin tana ci ranar Laraba, akwai rijiya a gindin tsamiya, mijin Lami maƙeri ne, sai wani sunan wasa da take kiran ƙanin nata da shi.

Zubairu, ina nan ranar da ka gano girman abin. Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya zauna a bencinka, ka ba shi shayi, ka tambaye shi ko ya san Gangara. Ya ce, “Wacce daga ciki, Alhaji?” Na ga kofin ya tsaya a hannunka. Ya lissafa maka biyu a Nijar, abokin tafiyarsa ya ƙara uku a Najeriya. Ranar ba ka sayar da ko ƙyalle ba. Washegari ka sayi littafi mai baƙin bango, kuma kafin ka rasu ka rubuta Gangara goma sha ɗaya a ciki, ban da 'yan ƙauyukan da aka ce sun tashi.

Daga nan ciwon ya kama ka. Ka daina jin sunan gari ka bar shi ya wuce. Direbobin Libiya suka gaya maka Ɗarabulus biyu ce, ɗaya tasu, ɗaya a Labanan, ka rubuta. Wani mai sayar da agogo ya ce akwai Haidarabad a Indiya, akwai wata a Pakistan, ka rubuta. Da wani ɗalibi ya nuna maka a waya cewa har a Amurka akwai Iskandariya, dariya ka yi har da tafi. Ƙauyukan da ake kira Ɗayyiba a nan Sudan kuwa, shafi biyu suka ci. 'Yan kasuwa suka sa maka suna Mai Taswira. Kana cewa mutum in zai yi ƙaura, bayan tukunya da tabarma sai ya ɗauki sunan garinsu, shi ya sa namu suka bar Wurno suka zo bakin Nilu suna kiran sabon garinsu Mai Wurno. Ni kuwa ina ce maka, “Ya zol, mutumina, duniya ta cika da masu suna ɗaya, ka bar mu mu ci kasuwa.” Kai sai ka ce, “Hamuda, ɗauko biro.”

Wasiƙa arba'in da uku na rubuta maka. Zuwa ga limamin Gangara, zuwa ga mai garin Gangara, zuwa ga sarkin maƙeran Gangara. Muka ba alhazai, muka ba direbobi, muka ba ɗalibai masu komawa hutu. Kowa ya karɓa da hannu biyu yana in sha Allahu. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Amsa uku kacal suka zo. Biyu sun ce ba su san zancen ba, Allah ya saka musu da alheri, sun dai amsa. Na ukun roƙo ya yi a samo wa ɗansa gurbin karatu a Khartum. Haba jama'a! Mutum ya rubuto muku daga wata ƙasa cewa yana riƙe da kayan kakarku, ba nema yake ba, bayarwa zai yi, ko “mun gani” ba za ku iya cewa ba?

Amma ko kaɗan wannan bai hana ka alheri ba. Duk Bahaushen da guzuri ya yanke masa a Omdurman, rumfarka ake nuna masa. Na tuna wani dattijo, Muzammil, da ya faɗi a tasha da zazzaɓi a hanyarsa ta umra. Da ka ji shi ɗan wata Gangara ne ka ɗauke shi a raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, zuwa gidanka. A ranar farko ka gane ba taku ba ce, don tasu kasuwar Asabar take ci. Na zaci za ka sallame shi. Wata huɗu ya yi a ɗakinka, matarka Ni'mat tana dama masa kunu, kai kana kai shi asibiti. Da na yi maka tsiya ka ce, “Ai takwarar garinmu ce, kunya ba za ta bar ni ba.”

A 2009 ka sayar da rakshar da ake yi maka haya da ita, ka ɗauki akwatin, ka tafi da kanka. Gangara uku ka taka. A ta ukun wani ya rungume ka yana kuka, ya ce shi jikan Lami ne, ya nuna maka tsamiya, ya nuna maka rijiya. Ka tambaye shi sunan da take kiran ƙaninta. Ya faɗi suna biyar, kowanne da rantsuwa. Ka dawo da akwatinka, ka rame, ƙafa duk ta kumbura. Ranar na yi maka faɗan da ban taɓa yi wa ɗan'uwana ba. Na ce, “Zubairu, Lami ta mutu tun kafin a haife ka. An riga an rufe ta da wani abin. Wannan aikin baban giwa ne!” Ka ce, “Ta mutu, na yarda. Ba ta haihu ba ne? Kaya in mai shi ya mutu, na magada ne, ba na ɗan aike ba.”

Sai yaƙi ya ɓarke cikin azumin 2023. Kafin a wawashe kasuwa ka kwashe farin yadin rumfarka, bandir goma sha shida, ka kai gida. Mutane suka zaci ɓoyon dukiya kake. Ashe likkafani kake tanada wa unguwa. Duk gidan da aka yi rashi, almakashinka ne ke fara isa, ba ka karɓi ko sisin kowa ba, ba ka tambayi ƙabilar kowa ba. Kafin wata biyar yadin ya ƙare ƙaf. Kwana tara bayan haka Ni'mat ta rasu, ciwon suga, allura ta yanke, hanya ba ta biyuwa.

Babu farin ƙyalle ko ɗaya a unguwar, sai wanda ke cikin akwatin nan. Kowa ya sani. 'Yarka Tasnim ta durƙusa gabanka ta ce, “Yaba, matar da ba ka taɓa gani ba ta fi Ummi?” Ka ce, “Ba ta fi ta ba, 'yata. Amma ba nawa ba ne.” Na ja ka gefe na zage ka, Allah ya yafe mini, na ce taurin kanka ya wuce addini. Ka ɗauko farin tob ɗin da Ni'mat ke yafawa in za ta koyarwa a makaranta, ka wanke shi da hannunka da ragowar ruwan sha, kana wanki kana kuka kamar ƙaramin yaro. Da shi aka rufe ta a filin bayan masallaci. Da hanya ta samu, Tasnim ta koma wurin gwaggonta Uwa a Hajj Yusuf. Shekara biyu ba abin da ke haɗa ku sai gaisuwa.

Yanzu sai in zo kan nawa laifin. Ranar da ka cika, farin yadi yana nan, an fara buɗe kasuwa, ba rashi ba ne ya sa ni. Na dubi akwatin nan a ƙarƙashin gadonka, zuciyata ta tafasa. Ya cinye ƙuruciyar kakanka, ya cinye kunyar ubanka, ya cinye maka raksha da lafiya, ya raba ka da 'yarka. Na ce wa dattawan unguwa, “A rufe shi da shi. Shi ya fi kowa wahala a kai, ya sha Zamzam, a binne a huta.” Babu wanda ya musa, har ƙanenka Amjad ya ce da ma abin da ke ransa ke nan. Na zaro mabuɗin daga wuyanka. Na buɗe. Saƙi ne na dā, ya yi ja-ja don tsufa, an naɗe shi da ganyen darbejiya saboda asu. Na ɗauko shi na nufi inda ake yi maka wanka.

A bakin ƙofa na tarar da Tasnim, ko mayafinta ba ta gyara ba daga saukowa raksha. Yarinyar da Hausarta rabi Larabci ce. Ta dubi hannuna ta ce, “La, Ammu Hamuda. Ajiye.”

Na ce, “'Yata, ke ce ya kamata ki fi kowa son a binne wannan abu.”

Ta ce, “Ya hana Ummi. In kun sa masa, to an hana Ummi a banza ke nan.”

Shekara talatin da ɗaya ina zaune kusa da kai, ina rubuta maka wasiƙa, ban fahimci abin da ta fahimta tana tsaye a ƙofa ba. Ta karɓe shi daga hannuna, ta mayar cikin akwatin, ta rataya mabuɗin a wuyanta. Amjad ya tafi kasuwa ya sayo maka yadi irin wanda kake yanka wa talakawa, da shi muka kai ka.

Ranar uku ta zo rumfata da baƙin littafinka. Ta ce, “Ammu, ɗauko biro.” Don haka wannan ta'aziyya ita ce wasiƙa ta arba'in da huɗu, kuma ba limami ko mai gari nake rubuta wa ba, kowa nake rubuta wa. Ku mutanen Gangara, ko wacce ce taku, ta Nijar ko ta Najeriya, ko wadda ta tashi aka bar kufai: ku tambayi tsofaffinku tun suna da baki, kada ku yi irin kuskurenmu. Ko an taɓa yin wata Lami matar maƙeri, a garin da kasuwa ke ci ranar Laraba, wadda ƙaninta Salih ya tafi gabas bai dawo ba? Ku gaya wa jikokinta bai ci amanarta ba. Ya isa, ya tsoma, hanya ce ta fi ƙarfinsa. Sunan da take kiransa da shi ba zan rubuta ba. Yana bakin Tasnim, wanda ya sani ya zo da shi. Duk ɗan kasuwar da zai shigo Omdurman ya tambayi Hamuda mai barguna a layin masu yadi. In kuma ba taku ba ce, don girman Allah ku aiko ku ce ba taku ba ce, mu soke ta a littafin. Ni shekarata sittin da takwas, ba ni da wasu talatin ɗin da zan jira.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Tasnim, da Uwa, da Amjad, da dukkan dangi na Umbadda da Hajj Yusuf da Jazira, da 'yan layinmu na Kasuwar Libiya. Allah ya ba ku haƙuri da juriya. Zubairu, ka yafe mini zagin da na yi maka, da mabuɗin da na cire daga wuyanka. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya suturta ka kamar yadda ka suturta mamatan unguwarmu, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya jiƙan Ni'mat, ya jiƙan Hadi da Malam Salih. Allah ya jiƙan Lami, wadda har yau ba mu san da me aka rufe ta ba. Amin.