Inna Ta Saita Mini Amfilifaya

Jama'a, yau Inna ta kashe ni da mamaki!

Kun san ƙaramar amfilifayar nan mai kwalaben lantarki a ciki, wadda yayana soja ya kawo mini daga Legas. Tun da ta iso unguwarmu Mabera, jitata tsuwa kawai take yi a cikinta, kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ɗazu da hantsi na jona ta, ina ta murɗe-murɗe, sai ga kakata Inna a bakin ƙofa. Inna da ke cewa jita kayan 'yan iska ce! Na ce a raina shi ke nan, yau sai ta fasa ta.

Sai ta ce, "Kai, gaggawar mi kaka yi? Ko ganga sai ta sha rana. Bari ta yi zahi."

Na dakata har kwalaben suka yi ja.

"To, kaɗa. Rage wanga tsini, yana sukar kunnena."

Na rage.

"Ƙara mata kauri. A'a, ka zarce! Komo baya kaɗan."

Na komo, na kaɗa. Wallahi tsigar jikina ta tashi! Sauti ya fito da ɗumi, luf-luf.

Sai Inna ta ce, "Muryar molon kakanka ke nan." Sai ta kama waƙar noma! Ni ban ma san marigayin ya taɓa riƙe molo ba.

Da ta gama, ta share ido, ta nuna ni da sandarta, sannan ta nuna maɓallan amfilifayar.

"Duk wanda yat taɓa wurin ga, ni da shi. Gobe ka kunna ta da wuri, ta yi zahi kahin in zo."