Fitilar Baba Datti

Igiyar tana hannuna lokacin da ta daina motsi. Al'adar Baba Datti ce in ya isa ƙasan rijiya ya ja ta sau biyu, na sama su san lafiya. Ranar nan a Kwandiko bai ja ba. Na leƙa na ƙwala kira, "Baba!" Muryata ce kawai ta dawo mini, ita da warin fetur.

Baba Datti mutumin Fagam ne, haƙar rijiya ya gada. Yana da shekara talatin da 'yan kai lokacin da Dakta Izzuddeen, wani likita ɗan Birnin Kudu da ke aiki a Ingila, ya zo gida da wata Baturiya ma'aikaciyar jinya, Madam Rut. Shekarar amai da gudawa ce. Su biyun suka kafa ƙungiyar Ruwan Gida, suka shiga neman taimakon mutanenmu mazauna can, ana haƙa rijiyoyi ana ɗaure su da siminti. Baba ya haƙa ashirin da bakwai, daga Surko har Kwandiko. Bai yi boko ba, amma ya san kowace rijiya gaba nawa ce, da wadda ke ƙafewa da bazara.

Tun rijiyar farko Dakta ya kafa doka: ba mai shiga sai an zura fitilar ƙwai a kunne. In ta mutu, iskar ciki ta ɓaci ke nan. Dakta ya rasu, Madam Rut ma haka, amma Baba bai taɓa karya dokar ba. Yakan ce duk sanda ya ɗora ƙafa a bakin rijiya sai ya ji muryar mutumin a bayansa: "Datti, ina fitila?"

Ni a lokacin ban san dalilin dokar ba. Ina gama jami'a 'ya'yan ƙungiyar na waje suka ɗauke ni in zagaya in duba rijiyoyin. Bana ƙungiyar ta cika shekara ashirin da biyar, sai suka shirya taron tunawa da waɗanda suka kafa ta, suka ce in nuna musu yasar rijiyar Kwandiko ta waya, kai tsaye, da ƙarfe huɗu.

Ruwan ya yi yawa. Na aro injin ban-ruwa wurin 'yan fadama, tiyon bai kai ba, sai na sa aka zura injin da igiya har tsakiyar rijiyar. Ya yi kusan awa yana aiki a ciki, yana fitar da hayaƙi. Mun fito da shi ke nan Baba ya iso daga wata jana'iza, fitilarsa a ɗaure a bayan keke.

"Injiniya, ina kalanzir?"

"Baba, duk garin babu, kowa ya koma sola. Ga tocila, ta fi taka haske sau goma."

Ya yi dariya. "Kai da digirinka, haske ka zaci nake nema? A aika Gwaram a sayo."

"Baba, mutane sun riga sun taru."

A nan wayar ta shigo. Muhsina ce, 'yar Dakta, da jama'a cike da ɗaki a bayanta. Da guntuwar Hausarta ta ce, "Baba Datti, sannu da aiki." Ya daɗe yana kallon fuskarta.

"Goshin ubanta," ya ce. Ya miƙo mini hularsa. "Ba na sa 'yar Dakta jira."

Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya yi bismilla, ya sauka. Ban gaya masa inda injin ya zauna ba. Ban ɗauka abin faɗa ba ne.

Mu shida muka jawo shi. Wayar tana ƙasa a kunne, ina jin salatin mutanen Ingila yana fitowa daga cikin yashi. Daga asibitin Gwaram aka ce mu wuce da shi na Birnin Kudu.

Matarsa, Inna Balaraba, ba ta ce mini komai ba sai "Ka ci abinci kuwa, ɗan nan?" Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Yanzu ko babur ya wuce na shaƙi hayaƙinsa sai in kau da kai. Jiya na ɗauki kofi zan sha ruwa, na tsinci kaina ina leƙa cikinsa.

Yau kwana huɗu. An sa masa robar iska a hanci, yana numfashi, bai buɗe ido ba. Likita ya ce ba zai iya cewa zai farka ko ba zai farka ba. Gobe da safe za su sake duba shi, Inna Balaraba ta ce za ta sa a kira ni.