Dattijon da ke Bayan Saurayi

Ranar da yaron da ke neman 'yata ya fara zuwa gidanmu, da gajeren wando ya zo. Dawowata ke nan daga siton da nake wuni ina jidar kwalaye a Wendover, nan ƙasar Turawa da muke zaune, ƙafafuna sun kumbura, sai na tarar da shi a kan kujerata. Ya miƙo mini hannu, ya kira sunana gatsal, babu ko Baba. Bature ne, kakanninsa daga Sweden suka zo, a coci suka haɗu da yarinyar. Halinsa ban ga aibu ba. Abu ɗaya nake so, manyansa su tako su nemi aurenta kamar yadda aka nemi na uwarta. Na faɗa har bakina ya gaji, kullum amsarta ɗaya: "Baba, a nan ba a yin haka."

Iyayensa suka gayyace mu cin abinci a gidansu da ke garin Summerfield. A bangon falonsu akwai wani tsohon zane na mutanen ƙasarsu. Saurayi ne da malafa mai faɗin faifai, an soka mata gashin tsuntsu, farin wuyan rigarsa ya rufe kafaɗu, wandon ya tsaya a gwiwa. Na ce a raina, ashe gajeren wandon nan gado ne. Ga wata budurwa tana zaune, an ɗaure mata ƙugu tamau har na ji mata wahalar numfashi, siket ɗinta kuwa ya isa mata uku su yi zani. Yana miƙa mata safar hannu, ta sunkuyar da kai. A bayansa ga wani dattijo cikin baƙar riga, hularsa a hannu, yana fuskantar iyayenta.

Na tambayi uban yaron ko wane ne wannan. Ya ce wakili ne. A da, a ƙasarsu, saurayi ba ya buɗe baki, dattijo yake kawowa ya roƙa masa.

Na ajiye cokali. "To ku me ya same ku?"

Ya yi dariya, ya ce abin ya wuce tun kafin kakansa. Ni ban yi ba. 'Yata ta taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur, muka tashi muka dawo gida. Daga nan na saki zancen, gajiyar aiki ma ta ishe ni.

Wata Asabar sai ga wayar uban yaron, wai da yamma zai zo shi da yayansa. Na zura babbar riga, raina fes. Sai da na zauna na tuna cewa a wurinmu uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa, ɗan'uwansa ke amsawa. Na nemi wani dattijon cocinmu, yana wurin aiki, ba a bari ya fito ba. Na kira yayana a Kafancan ta bidiyo, na jingina wayar a kan tebur.

Suka iso cikin kwat. Yayan nasa, wani tsoho, ya miƙe tsaye, ya faɗi sunan gidansu, ya roƙa da ladabin da ban zata ba. Na juya wa yayana wayar don ya amsa. Fuskarsa ta daskare a jikin wayar, baki a buɗe, layin ya yanke. Na sake kira, shiru.

Suna tsaye suna jira. Na duba dama, na duba hagu, matata ce kawai sai yarinyar a bakin ƙofar kicin. Su sun samo dattijonsu, ni ne ban da kowa. Haka na ba da 'yata da bakina, da Turanci kuma.