Geron Ƙarƙashin Gado

Duk wanda ya kira yayana Dakta Maccido, ni sai na waiga na dubi matarsa Barakatu, don na san wadda ta ci ƙasar Zurmi da Shinkafi kafin takardar digirin nan ta fito. Ba raina shi nake yi ba. Mutum ne mai haƙuri, yana koyarwa a Ƙaura Namoda tun kafin a yanke mana jiha daga Sakkwato, kuma tun lokacin ba shi da zance sai na matan karkara da wahalar da suke sha a noma.

Matsalarsa ɗaya: namiji ne. Ya kwashe shekara biyu yana zama a zaurukan mutane da takardun tambayoyi, magidanta suna ba shi amsa a madadin matansu. Kowane ya ce matarsa ba ta komai, yana ciyar da ita. Shi kuwa bawan Allah ya rubuta.

Barakatu ce ta gaji da gani. Ajinta huɗu a firamare, amma bakinta ya fi na mai digiri. Ta ce ya ba ta rikodarsa ta ɗaukar magana. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a 'yan kabu-kabu suka daina ɗaukar mata, sai ya zama shi ne direbanta, a tsohon babur ɗinsa, daga Banga har Katuru. Yana zaure ana ba shi fura, tana ciki ta karɓi taɓarya, ana daka ana hira. Ta dawo hannu duk ya yi kanta saboda daka, ga kaset cike.

Wata Asabar da hantsi yana kwafe kaset ɗin Katuru, ya ji muryar wata tsohuwa, Gwaggo Saudat, tana magana ƙasa-ƙasa. Barakatu ta manta ba ta kashe rikodar ba. Tsohuwar tana bayyana cewa kullum in maigida ya auno geron tuwo, mace takan rage cikin tafin hannu guda, ta zuba a tulu ƙarƙashin gado, ta barbaɗa toka saboda ƙwari. Tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi fayau kuma sabon gero bai nuna ba, da wannan ake riƙe yara. Uwa ke koya wa 'yarta, kuma maza ba su sani ba.

Ina gidan ranar. Ban taɓa ganin yayana cikin murna irin haka ba, har ya fito tsakar gida babu takalmi. Ya ce wannan shi ne babin da zai kammala masa digirin, kuma ma'aikatar gona ta sabuwar jiha ta riga ta gayyace shi ya karanta sakamakon bincikensa a taron hakimai da manoma, za a ma sa a rediyo.

Barakatu ta ajiye tsintsiya. Ta nuna masa cewa ranar da maza suka ji, wasu za su rage awo, wasu su kai hatsin rumbu kasuwar Shinkafi da wuri, tunda sun san akwai na ɓoye. Ya ce zai sauya sunaye, ta ce ai ba suna ake ci ba. Ya kawo maganar shekarun da ya ɓata, da malaminsa na Sakkwato da ke jira. Gaskiya na tausaya masa, har na so in sa baki, ban dai sa ba.

"Amana ta, Malam," in ji ta. "Ni anka hwaɗa ma, ba rikoda ba."

Ya zauna kan turmi, ya daɗe yana jujjuya kaset ɗin. Can ya ɗago ya dube ta, kamar yau ya fara ganinta.

"Ke ma kina yi?"

"Shekara goma sha bakwai," ta ce. "Ka taɓa kwana da yunwa gidan ga?"

Ya miƙa mata kaset ɗin da hannu biyu. Digirin sai da ya ƙara shekara biyu, a kan kiwon awakin mata ya rubuta shi, kuma har ya yi ritaya bai taɓa leƙa ƙarƙashin gadonta ba.