Ruwan da Na Ɓoye Masa

Jiya jikata ta miƙo mini ruwan rijiyarmu a moɗa, sanyinsa ya tuna mini da marigayi wakilinmu a majalisar Kaduna. Ɗan gidan masu banki ne, amma duk garin da ya sauka, ruwan garin yake fara nema.

Lokacin da ya zo garinmu Toranke, maigidana ne mai unguwa. Ruwan tafkinmu jawur yake, yana warin taɓo, shi ke sa wa 'ya'yanmu kurkunu. Kunya ta sa na aika maƙwabcin gari aka ɗebo mai kyau. Ya kurɓa, ya dubi ƙwaryar.

"Uwargida, wannan ba naku ba ne."

"Ranka ya daɗe, namu bai dace da kai ba."

"Haba! In kun ɓoye mini ruwanku, me zan faɗa a Kaduna?"

Na kawo na randa. Ya sha bai yamutsa fuska ba, ya cika kwalba ya tafi da ita. Kafin shekara ta zagayo, an haƙa mana rijiyar nan.

Garin rufin asiri, saura ƙiris in hana mu ruwa. Allah Ya shayar da shi Alkausara, ruwan da ba sai an tace ba.