Injin da Aka Koya wa Katse Magana

Kafayatu 'yar Ndakotsu ce, tsohon direban da ya taso daga Bida ya zauna a Minna. Dokar gidansa ɗaya ce: ba a katse wa babba magana. Shi kuwa, wayyo, in ya soma gaisuwa sai tuwo ya huce. Da wannan tarbiyya ta tashi, ta yi karatun kwamfuta, ta kama shago a Bosso tana rubuta wa ƙananan injina umarnin aiki.

Dorothy, wata mai kiwon kaji a Paiko, ta kawo mata aikin injin ƙyanƙyasar ƙwai: ya auna zafi, ya juya ƙwai, ya tura mata saƙo a waya. Kafayatu ta jera ayyukan a layi, sai na gaba ya gama na baya zai shiga. Halin gida ke nan! Ran nan sabis ya ɗauke, aikin tura saƙo ya tsaya yana ta sallama ba mai amsawa, na auna zafi kuwa yana bayansa yana jira da ladabi. Ƙwai suka dahu tas.

Dorothy ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Zubi ɗaya ya rage min. In ya lalace, na bar kiwo."

Maganar ta ci Kafayatu ƙwarai. Ta sake tsari: kowane aiki da ɗan lokacinsa, amma zafi ne babba. Da ya motsa a dakatar da duk mai aiki, a riƙe masa inda ya tsaya, in an gama ya ɗora daga nan. Ta ce wa Dorothy, "Zuba ƙwanki, na tsaya miki."

Ranar ƙyanƙyasa tana durƙushe gaban Ndakotsu, ya yi nisa cikin gaisuwa, sai ga kiran Dorothy. Kafayatu ta ɗago kai.

"Baba, dakata."

Tsohon ya saki baki, tun da aka haife ta bai taɓa jin haka ba. Ta ɗaga wayar, ta saurara, sai ta kara masa a kunne. 'Yan tsaki ne, tsiyu-tsiyu, ɗaki guda, Dorothy na ta kuka tana dariya.

Kafayatu ta share hawaye, ta gyara durƙuso.

"Baba, ɗora. A kan 'ina gajiya' ka tsaya."